Wa'adin da Aka Ba Buntu

Ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Ka shiga gidan maƙwabcinka gaisuwa ko aron fartanya, ka wuce ta gefen kejin nan da aka jingine a bayan ɗakin girki, ka hangi zomo guda ɗaya tak a ciki ya ba duniya baya, ka ce a ranka ai dabba ce, ka kau da kai. Zomo ba ya kuka kamar akuya, ba ya haushi kamar kare, sai ka mai da shirunsa hujjarka. To, ga labarin wadda ta ƙi kau da kai. Ka saurara, ko kunya ta kama ka.

Raliya 'yar Malam Hambali ce, mai shanun huɗa a wani ƙauye da ke bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure. Shekararta goma sha tara. Ta gama sakandare, tana gida tana taya mahaifiyarta Ummulkhairi turara shinkafa a rabin duro, su shanya, su kai inji. Zomayenta biyu ne a da, mace da namiji. Wata ƙawarta ce ta bar mata su suna 'yan mitsi-mitsi, lokacin da gidansu ƙawar za su tashi zuwa Kumbotso. Namijin launinsa sak na buntun shinkafa, shi ya sa ta raɗa masa Buntu.

Macen ta mutu a farkon bazara, da cikinta na fari. Ranar Raliya na layin inji a Kura tun safe. Kafin ta fita ta roƙi a ja kejin zuwa inuwa in rana ta juyo, kowa ya ce to, ba wanda ya ja. Da ta dawo ta tarar da zomanyar a miƙe, kwanon rufin kejin kuwa ko taɓa shi ba a iya yi don zafi.

Daga ranar Buntu ya canza. Ya koma kusurwar da macen ke kwanciya ya lafe, fuskarsa a katako. Ganyen karas da a da yake fizga daga hannu, yanzu sai ya yanƙwane a gabansa. Ya fara tsige gashin ƙirjinsa da haƙori. Aka ce zafi ne, ta mayar da kejin ƙarƙashin darbejiya. Aka ce tsutsar ciki ce, ta samo magani wurin malamin dabbobi ta ba shi. Bai sauya ba. Abu ɗaya ta lura da shi wanda ba wanda ya tsaya ya lura: in ta zauna a bakin kejin ta zura hannu ta ɗora a bayansa, sai ya ɗan gutsiri ganye biyu ko uku. Tana tashi sai ya bari. Amma ga shinkafa a wuta, ga shanya, ga ɗiban ruwa. Ba za ta wuni da hannu a cikin keji ba.

Mako uku ana haka. Ran Juma'a, da Malam Hambali ya sauko daga masallaci, ya tsaya a gindin darbejiyar, ya buɗe kejin, ya ɗaga Buntu ta fatar wuya, ya shafa bayansa da babban yatsa kamar yadda yake wa rago a kasuwa.

“Wannan ya gama,” in ji shi. “Ce wa Ummanku ta ɗora ruwa. A yanka shi tun yana motsi.”

A ƙauyen nan, kamar a ƙauyenku, dabba in ta fara ramewa ba a jira ta mutu. Akuya ta kumbura, a kawo wuƙa. Kaza ta fara gyangyaɗi, a kawo wuƙa. Wanda ya bari dabbarsa ta zama mushe, cewa ake ya wulaƙanta ni'imar Allah. Asalin abin ba mugunta ba ne, talaka ne ya ƙi yarda nama ya tafi juji. Amma al'adar ta daɗe har ta zama mafakar rago. Ba mai tambayar abin da ya sami dabbar, wuƙa kan riga tambaya isowa.

Raliya ta durƙusa. “Baba, ba ciwo ne da shi ba.”

“Lafiya ce ta sa ƙashin bayansa ke sukar hannuna?”

“Kewa ce. Tun da macen ta mutu yake haka.”

Malam Hambali ya waiga wajen murhu. “Ummulkhairi, zo ki ji boko. Wai zomo ne ke takaba.”

Ummulkhairi ta yi dariya, ta ci gaba da juya shinkafarta.

“Baba,” in ji Raliya, kanta a ƙasa amma muryarta ba ta ƙasa, “bara da jan sanka ya yi targaɗe aka kai shi ruga jinya, farin san ya yi kwana huɗu bai taɓa harawa ba. Kai da bakinka ka ce kewar ɗan'uwansa ce. Ban ji ka ce a ɗora ruwa ba.”

“Sa daban. Sa shi ke ciyar da gidan nan.”

“Zomo ba bawan giwa ba ne, Baba, dawa suka tara.”

Muciyar Ummulkhairi ta tsaya cak a cikin duro. Malam Hambali ya dubi 'yarsa, ya dubi abin da ke reto a hannunsa, ya mayar da shi keji ya rufe.

“Juma'a mai zuwa,” ya ce. “In na sauko masallaci na tarar da shi haka, ba sai na sake magana ba.”

Washegari ta zuba gyararriyar shinkafa a ƙaramin buhu, daga rabon da Umma ke ware mata na aikinta, ta ɗauki kwando mai murfi, ta hau adaidaita sahu zuwa Kura. A bayan layin masu kaji ta sami Lukmanu mai zomaye, wani siriri mai yawan magana, zaune a gaban akwatunan katako da aka jera bisa juna, kowanne da zomo ɗaya a ciki.

“Na kiwo kike so ko na tukunya?”

“Na zama.”

“Na me?”

“Ina da namiji, matarsa ta mutu, ya daina ci. Abokiyar zama nake nema masa.”

Lukmanu ya dafa gwiwa ya juya wajen mai kajin da ke kusa da shi. “Ka ji wata sabuwa. Hajiya ƙarama, ai rediyo za ki saya masa, ya riƙa jin labaran duniya.”

Mai kajin ya ce, “Ko waya, ya shiga intanet ya nemo da kansa.”

Ta bari suka gama dariyarsu.

“Bari in gaya miki yadda ake yi,” in ji Lukmanu, yana share ido. “Mace ake kai wa namiji, ta yi rabin sa'a, a ɗauke ta. Kowa ya koma akwatinsa. In kika bar su tare faɗa za su yi. Haka muka gada.”

“Nawa wata takwas suna tare ban ga faɗa ba.”

“Tare suka tashi.”

“To ashe ba halinsu ba ne. Akwatin ne ya koya musu.”

Sai ya shiga fito mata da 'yan matan zomaye, farare masu jan ido, masu sheƙi. Ta girgiza kai. Budurwa za ta ɗauki ciki, ga bazara, kuma ta ga abin da zafi ke yi wa mai ciki. Can a akwatin ƙasa ta hangi wata baƙa, ƙatuwa, fatar wuyanta ta zubo kamar ta tsohuwar saniya, tana tauna dusa ba ta kula kowa.

“Waccan fa?”

“Tsohuwa? Shekararta huɗu a akwatin nan, ta gama aiki. Shekara guda ke nan ko an kai ta ba ta ɗauka. Mai balangu nake jira.”

“Ita nake so.”

“Tana da cizo fa. Dubi yatsana.”

“Ni ma da an kulle ni shekara huɗu a nan da na cije ka.”

Mai kajin ya kwashe da dariya, wannan karon ba ita yake wa ba. Lukmanu ya karɓi shinkafar, ya ɗaga ta a hannu ya ji nauyinta, ya cusa Tsohuwa a kwando yana cewa Allah ya ba da zaman lafiya, a gai da ango.

Ta iso gida rana ta kusa tsaka. Ta ajiye kwandon a inuwar darbejiya nesa kaɗan da kejin, ta sa wa Tsohuwa ruwa. Ba ta riga ta san yadda za ta haɗa su ba, tana so ta zauna ta yi tunani. Sai Umma ta ƙwala mata kira, an sauke shinkafa, a zo a baza ta a tamfol a ƙofar gida tun rana na da ƙarfi. Ta fita.

Tana cikin baza shinkafar da ƙafa ta ji ƙarar. Wata siririyar ƙara ce mai tsaga kunne, kamar ta jariri da aka taka. Ba ta taɓa jin zomo ya yi ta ba, amma jikinta ya gane. Ta shiga gida a guje, ƙafafunta duk shinkafa.

Kejin na girgiza kamar ana dukansa. A ciki zomayen biyu sun dunƙule wuri ɗaya, baƙi da ruwan ƙasa, suna birgima, gashi na tashi. Da ta fizge ƙofar ta ga dalili: an ɗaure su wuya da wuya da igiyar rama, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Duk wanda ya zabura zai gudu sai ya shaƙe ɗayan, wanda aka shaƙe kuma sai ya kai cizo. Ta zura hannu biyu, Tsohuwa ta karce ta daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ba ta saki ba. Da haƙori ta kwance ƙullin. Kunnen Buntu na hagu ya tsage kusan rabi, jini na ɗiga, ƙirjinsa na bugawa kamar zai fashe.

Malam Hambali ne ya yi aikin, kuma ba da mugun nufi ba. Ya dawo daga gona zai yi alwala, ya ga kwando, ya ɗaga murfi, ya gane. Shekara talatin yana horar da shanu. In ya sayo ɗan bijimi da bai san garma ba, igiya ɗaya yake sa musu shi da tsohon sa, wuya da wuya, ya ƙyale su. Su ja, su tunkuyi juna, su gaji, kafin kwana uku tare suke zuwa shan ruwa. Dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sai ya ga bari ya rage wa yarinyar wahala. Ya ɗaure, ya rufe, ya tafi salla.

Da ya dawo ya tarar da ita tana wanke kunnen da ruwan ɗumi da gishiri. Ya tsaya yana kallon gashin da ya watsu a ƙasa.

“Abin da na sani na yi miki,” ya ce.

Ta ci gaba da wanke kunnen.

“Yanzu ga rauni a kan rama. Wannan ba zai kai Juma'a ba. Kawo shi nan, kada ya kwana yana wahala.”

Ya miƙo hannu. Raliya ta naɗe Buntu a mayafinta, ta miƙe tsaye. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa yi wa mahaifinta magana a tsaye ba.

“Baba, akuyar Umma ta taɓa kumbura, ba ka ɗora mata wuƙa ba sai da Umma ta ce to. Tunkiyar Gwaggo ma haka. Dabbar mace tata ce, a gidan nan na koya. Wannan nawa ne, kuma ban ce to ba.”

“Ni kike tsaya wa?”

“Maganarka nake tsaya wa. Kai ka ce Juma'a. Yau Asabar.”

Ummulkhairi ta leƙo daga zaure. “Ke Raliya, durƙusa mana.”

Ba ta durƙusa ba. Hawaye na zuba, ba ta share ba, don hannayenta biyu na riƙe da zomon.

“In ya mutu mushe fa?” in ji Malam Hambali.

“Ni zan haƙa ramin. Ni kuma Allah zai tambaya.”

Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya sauke hannunsa, ya ɗauki hularsa daga kan turmi, ya fita. Ranar bai ci tuwon gidan ba.

Da hantsin Lahadi Inna Adama ta shigo da ƙwaryar nono. Bafulatana ce daga rugar da ke hayin kanal, ta fi shekara ashirin tana kawo nono gidan, ta san Raliya tun tana goye. Ta sauke ƙwarya, ta ga hannun yarinyar a karce, ta ga kunnen zomon.

“Wa ya yi wannan aika-aikar?”

“Igiya, Inna.”

Da ta ji labarin sai ta riƙe haɓa. “Hambali ke nan. Komai a wurinsa sa ne. Da zai samu da ku ma karkiya zai sa muku.” Ta gyara zama a kan turmi. “'Yar nan, ni ban san zomo ba. Amma na san saniyar da ɗanta ya mutu, ga kuma maraƙin da uwarsa ta mutu, ana so ta karɓe shi. In kika tura mata shi kai tsaye, harbi ɗaya za ta yi masa. Saniya ba da ido take sanin nata ba, da hanci ne.”

“To ya kuke yi?”

“A ɗaure shi kusa da ita, inda za ta ji warinsa amma ba za ta kai gare shi ba. A ɗebo ciyawar da ta kwana a kai a goge masa jiki. Yau, gobe, jibi. Ba a gaggawa. Ran da za a sake su kuma, ba a turkenta ba. Turkenta nata ne, ko ɗan'uwanta ya shigo sai ta kore shi. A hanyar mashaya ake yi, inda ƙasar ba ta kowa ba ce.” Ta nuna kejin da leɓe. “Dubi hancin nan nasa, ko hutawa ba ya yi. Ina ga shi ma da shi yake karatu.”

Kafin azahar Raliya ta samo wata tsohuwar ragar waya ta taga a bayan ɗakin ajiya, ta yanka ta biyu, ta raba kejin da ita, ruɓi biyu, da ratar yatsa biyu a tsakani yadda haƙori ba zai kai ba. Buntu a dama, Tsohuwa a hagu. Abincin kowa ta ajiye shi a jikin wayar, yadda in za a ci sai an fuskanci juna. Kowace safiya ta kwashe ciyawar da Tsohuwa ta kwana a kai ta shimfiɗa wa Buntu, tasa kuma ta kai wa Tsohuwa.

Ranar farko Buntu ya maƙale a can ƙarshen ɓangarensa, in Tsohuwa ta motsa sai ya buga ƙafar baya a katako. Ran Litinin ma haka. Tsohuwa ko a jikinta. Ci kawai take, da ƙara, kamar mai biyan bashin yunwar shekara huɗu, in ta ƙoshi ta miƙe ƙafa a jikin waya ta yi barci. Ran Talata Raliya na tankaɗe daga nesa ta ga Buntu ya juyo da kunnensa mai lafiya wajen ƙarar taunar. Ya daɗe a haka. Sannan ya ja jiki ya ɗauki ganye ɗaya ya koma da shi kusurwa. Ba hannun kowa a bayansa.

Labari kuwa ya gama unguwa. Matan da ke zuwa awon shinkafa sai sun leƙa gindin darbejiya. “Uwar ango, yaushe ne kamu?” “An ce amaryar ta girmi uwar mijin.” Wata ta ce da ita ce, da tuni ta yi farfesun su biyun ta huta. Raliya ta ce mata ta fara da kajinta da ke kwana a rana. Daga nan aka fara cewa 'yar Hambali ba ta da kunya, boko ya ɓata ta. Ta ji, ta ci gaba da sauya ciyawarta.

Ran Laraba ta tarar da su kwance, kowa a ɓangarensa, baya da baya, waya a tsakani. Ran Alhamis ya cinye rabin abin da ta zuba. Amma har yanzu in ka shafa shi ƙashi za ka ji, kuma ta san abin da babban yatsan Baba zai ji ke nan. Rabin ci ta bayan waya ba zai ishe ta hujja ba. Sai an cire wayar, kuma kwana ɗaya ya rage.

Da la'asar Malam Hambali na zuba wa shanu harawa, ta je ta durƙusa a gefe. Tun Asabar gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

“Baba, ina roƙon aron fangali ɗaya gobe da safe. Cikin waɗanda aka cire albasa, na gindin mangwaro.”

“Shuka za ki yi?”

“A'a.”

Bai ɗago ba. “Ƙasa ce, ba ta gudu.”

Da sassafen Juma'a ta ɗora kwando ɗaya a ka, ta rungumi ɗaya, ta bi bakin kanal zuwa gona. An sako ruwa, yana tafiya cike da bakinsa, masu tumatir na ta jan tiyo. Malam Hambali ya riga ta, yana can ƙarshen gonar yana huɗa da shanunsa. Fangalin ɗan fili ne mai kusurwa huɗu da aka kewaye da kunya don riƙe ruwa, yanzu a bushe, sai ɓawon albasa. Ta kafa kara a kusurwoyin, ta zagaye da tsofaffin buhuna, ta tara ganyen karas da na dankali a tsakiya. Ta goge jikin kowanne da ciyawar ɗayan. Ta riƙe faifai a hannu. Ta yi bisimilla, ta saki Buntu a wannan kusurwa, Tsohuwa a waccan.

Ba wanda ya motsa. Can Tsohuwa ta fara zagaya, tana shinshina buhu, tana goga haɓa a kara. Ta zo daidai Buntu, ta tsaya, ta ɗaga wutsiya, ta kwantar da kunne. Ta zabura. Buntu ya yi tsalle, gashi ya tashi, Raliya ta sa faifai a tsakaninsu.

“Raba su.”

Ba ta ji zuwan mahaifinta ba. Ya bar shanun a tsaye da garma, yana bayanta, hannunsa a ƙugu.

“Raba su, kada ta ƙarasa shi a banza.”

“Ba ta cije shi ba, Baba. Gashi kawai ta tsiga.”

“Na ce—”

“Ba a sauko masallaci ba.”

Ta ɗage faifan. Tsohuwa ta sake bin sa, zagaye ɗaya, biyu, ya tsaya yana haki, ita ma ta tsaya. Hannun Raliya ya yi ta son sauka, ta hana shi. Ran Asabar igiya ce ta hana shi gudu. Yau yana da inda zai gudu, kuma ya gudu, kuma an ƙyale shi. Tsohuwa ta yi kamar ta manta da shi, ta nufi tarin ganye, ta zauna ta fara ci.

Inuwar mangwaron ta matsa kusan taƙi guda kafin Buntu ya motsa. Ya taho a hankali, cikinsa na jan ƙasa, ya tsaya, ya ƙara matsowa. Da ya iso bai taɓa ganyen ba. Kansa ya sunkuyar ya cusa a ƙarƙashin haɓar Tsohuwa, ya kwantar da shi a ƙasa, tsagaggen kunnen a bakin haƙoranta. Haka yake yi wa wadda ta mutu.

Tsohuwa ta ci gaba da tauna. Ta cinye ganyen da ke bakinta har ƙarshensa. Ta ɗauki wani ta cinye. Sannan, kamar wadda aka dama da roƙo, ta sunkuya ta lashi goshinsa sau biyu, ta lashi gefen kunnen, ta koma kan abincinta.

Buntu ya ɗago. Ya jawo ganyen karas daga bakinta, daga bakinta fa, ba daga tarin ba, ya shiga ci. Ya cinye ya ɗauki wani. Ya ci kamar ana binsa, har sai da tarin ya ragu ƙasa ta bayyana.

Malam Hambali ya tsuguna a bakin kunya. Jan san ya yi atishawa daga can, ya waiga ya dube shi, ya dawo da kallonsa.

“Ci ɗaya ba ƙiba ba ne,” ya ce. “Na ƙara miki mako.”

“Ba na so, Baba.”

“Ba kya son me?”

“Makon. Duk wa'adi wuƙa ce ke jira a ƙarshensa. In ya kamu da ciwon da ba shi da magani, yana wahala, ni da hannuna zan kawo maka shi. In ba haka ba, kada a sake yanka masa rana. Shi da ita.”

“Har da tsohuwar?”

“Har da ita.”

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. “Wannan taurin kan ban san inda kika ɗauko shi ba.”

“Umma ta ce a wajenka ne.”

Ya yi wani gajeren tari wanda ba tari ba ne. Ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar shanunsa. Ya yi taku kamar goma ya tsaya, bai juyo ba.

“Ki ɗauke su kafin rana ta take. Akwai shaho a kan gawon can tun safe. Kuma kejin nan ya yi musu kaɗan, akwai katako a bayan rumbu.”

Da ya sauko daga masallaci ranar, kai tsaye ɗakinsa ya wuce, bai bi ta gindin darbejiya ba.

Kada ka ɗauka ƙauyen ya sauya. Matan unguwa har gobe uwar ango suke ce mata. Lukmanu na nan a bayan layin masu kaji da akwatunansa, ɗaya a kowanne. Yarinya ɗaya ce ta tsaya a ƙafafunta, zomo ɗaya ya rayu, tsohuwa ɗaya ta tsallake mai balangu. Sauran suna hannunka.

Saboda haka kada ka ce mata sannu da ƙoƙari ka juya shafi, ba ta buƙatar sannunka. In kai ne mai zomo ɗaya, nemo masa na biyu cikin makon nan. Kada ka jefa baƙon cikin kejin mai gida, kada ka kuskura ka sa musu igiya. Raba su da waya ruɓi biyu, ka riƙa sauya musu shimfiɗa kowace safiya, ka haɗa su a ƙasar da ba ta kowa ba, kana tsaye a kansu. In kuwa na ɗan'uwanka ne ko na 'yarka, aka ce ya rame a kawo wuƙa, riƙe hannun mai wuƙar ka tambaye shi: wa ya duba abin da ke damun dabbar nan? In ya ce ba kowa, ka ce masa ba yau ba. Tashi ka je yanzu.